Takardar zaman dindindin ko bin mai ɗaukar nauyi: wace hanya ce ta fi wa mai iyali?

Yayar Gida, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan ciki da waje, don magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidanmu. Ƙanina ne da matarsa ke son fita aiki waje. Shi injiniyan gine-gine ne, shekararsa 37, yana da digiri na biyu, ya shekara 10 yana aiki. Ita nas ce, shekararta 29, digirin jinya gare ta, shekararta 4 a bakin aiki. 'Ya'yansu biyu, sai ɗan marigayi yayanmu da suke riƙo mai shekara 11, ga kuma Innarmu tana hannunsu.

Shi ya kafe a kan Kanada, wai tun mutum yana gida ake ba shi takardar zaman dindindin. Ita ta fi son Ingila, ta ce asibiti zai ɗauke ta kuma albashi zai fara tun watan farko. Kawunmu kuwa cewa ya yi su nufi Saudiyya kowa ya huta. Ni ba ƙasar da ta fi kuɗi nake tambaya ba. So nake in san yadda ƙofar da aka bi aka shiga take juya rayuwar mutum bayan ya sauka: wa zai yi aikin da ya karanta, wa zai koma zaman gida, me zai faru in aiki ya lalace, kuma ina makomar yaron nan da Inna. Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Lissafi, Garki, Abuja

Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki ta faɗa inda ya dace, domin ƙofofin nan ba abu ɗaya suke ba mutum ba. Tsarin maki na Kanada gwamnati ce ke zaɓenka, ta ba ka izinin zama, amma ba ta ba ka aiki ba. Na Ingila mai aiki ne ke zaɓenka, aiki na jiranka, amma zamanka a ƙasar yana ɗaure da shi. Zan tsaya a kan Kanada.

Express Entry, wato tsarin makin nan na Kanada, ya fara a Janairun 2015, kuma lissafi ne tsagwaronsa. Mutum ɗaya ne ke zama jagoran takarda, ɗayan ya bi shi. Yawancin gidajenmu miji suke sawa gaba ba tare da an zauna an lissafa ba, alhali shekaru na cin maki. Mai iyali da ke tsakanin shekara 20 da 29 yana da maki 100 na shekaru. Daga 30 ake zaftare 5 duk shekara, a 37 saura 60, a 45 babu ko ɗaya.

Mu ɗauka ƙaninki ya samu 6.0 a kowane ɓangare na jarrabawar Turanci ta IELTS, wato mataki na 7 a ma'auninsu, matar kuma ta kai mataki na 9, wato 8 a sauraro da 7 a karatu, rubutu da magana. In shi ne jagora: shekaru 60, digiri na biyu 126, Turanci 64, abin da matar ta kawo 28, makin haɗa ilimi da ƙwarewa da harshe 50. Jimla 328. In ita ce jagora: shekaru 100, digiri 112, Turanci 116, abin da mijin ya kawo wajen 20, makin haɗi 75. Ta haura 420. In kuwa shi ya koma ya ɗaga Turancinsa zuwa mataki na 9, daga 328 zai tashi zuwa 430. Maki 102 kenan daga jarrabawa ɗaya. Shi ya sa kuɗin da ake kai wa ejan ya fi amfani a hannun malamin da zai gyara wa mutum rubutu da sauraro.

To amma 430 ba ta isa zaɓen kowa-da-kowa ba, don a 2024 makin yanka na irin wannan zaɓe sama da 520 yake. Abin da ya rage ƙofofi uku ne. Akwai zaɓen da ake ware wa wasu sana'o'i tun 2023, ma'aikatan lafiya na ciki, kuma nan matar na da hanya. Akwai na masu Faransanci, wanda aka sha ganin makinsa ƙasa da 400, kuma ana koyar da harshen a cibiyar Faransa da ke Wuse 2. Sai zaɓen lardi, mai ƙara maki 600 nan take. Na lardin yana da sharaɗi: mutum ya sa hannu cewa a lardin zai zauna. Wanda lardin Saskatchewan ya zaɓa, ya sauka ya wuce Toronto da ke wani lardin a makon farko, yana iya fuskantar tuhumar cewa ƙarya ya yi tun farko. Makin da ake bayarwa saboda tayin aiki kuwa an soke shi a Maris 2025, don haka duk wanda ya ce zai sayar muku da takardar aiki don maki su ƙaru, kuɗinku kawai yake so.

Takardu su ne ke kayar da mutane. Jami'a ce za ta aika sakamakon karatu kai tsaye zuwa WES, mai tantance digirin ƙasashen waje, ko makamanciyarta, ba a karɓa daga hannun mai shi, kuma wannan kaɗai yana iya cin watanni. Wasiƙar wurin aiki dole ta nuna muƙami, ranar farawa, awannin aiki a mako, albashi, da ayyukan da mutum ke yi dalla-dalla, su dace da lambar sana'ar da ya zaɓa. Wasiƙar yabo irin tamu, mai cewa wane haziƙi ne mai riƙon amana, ba ta da amfani a nan. Suna ya zo ɗaya a fasfo, digiri da takardar aure, kar a ga Muhammad a nan Mohammed a can ba tare da rantsuwar kotu ba. Kuɗin ajiya na iyali mai mutum 4 ya haura dalar Kanada 28,000 a lissafin 2025, ba a yarda da bashi ba, kuma banki zai rubuta matsakaicin abin da ke asusun na wata 6. Tun da naira na iya faɗuwa tsakanin ranar cike fom da ranar dubawa, a ajiye da rara. Bayan gwamnati ta aiko da gayyatar miƙa takardu, kwana 60 ne kawai na haɗa komai. Ƙarya a takarda kuwa haramcin shekara 5 ce.

Sai bayan an sauka, inda ba a cika faɗa wa mutane gaskiya ba. Digirin da ya ba su maki a ofishin shige da fice bai ba su lasisin aiki ba, don lasisi na hannun hukumomin larduna. Rajistar COREN, majalisar injiniyoyi ta Najeriya, ba ta ƙetare ruwa. Ƙaninki ba zai kira kansa injiniya ko ya sa hatimi a zane ba sai ya samu lasisin lardi, kafin nan sai dai ya yi aiki ƙarƙashin mai lasisi, ko ya shiga a matsayin mai kula da fili ko mai ƙiyasin kuɗin aiki. Hukumar injiniyoyin lardin Ontario ta cire sharaɗin ƙwarewar cikin Kanada a 2023, amma kamfanoni har gobe sun fi sakin jiki da wanda ya san dokar gininsu da yadda kankare ke yi a lokacin ƙanƙara. Matar kuma sai an tantance karatunta, ta ci NCLEX, jarrabawar lasisin jinya, wani lokaci a ce ta ƙara kwas ko aikin gwaji. Kafin a gama, abin da ke samuwa shi ne kula da tsofaffi, aikin sito ko tuƙi. Haɗarin shi ne aikin wucin gadi ya zama na dindindin: haya ta danne mutum, ba lokacin karatu, shekara 3 ta wuce, ƙwarewar gida ta tsufa a idon masu ɗauka. Maganinsa a buɗe fayil ɗin lasisi tun ana Jos, kuma a zaɓi lardi bisa saurin lasisin matar, ba bisa inda abokai suke ba.

Abin da suka samu a madadin wannan wahala babba ne. Ba wanda ke riƙe da takardarsu. In aiki ya ɓaci a nemi wani, yara na da tallafin gwamnati, kuma kowanensu zamansa nasa ne. Sharaɗin kawai a yi kwana 730 a ƙasar cikin shekara 5, a kwana 1,095 kuma ana iya neman zama ɗan ƙasa.

Anti Nas, Kubwa

Yaya, sannu da ƙoƙari. Malam ya yi bayanin Kanada yadda ya kamata, bari in ɗora da hanyar da ƙanwar taki ke so.

Matakan a jere suke. Turanci tukuna: IELTS na karatu da 7 a sauraro, karatu da magana, 6.5 a rubutu, ko OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, da B a uku da C+ a rubutu. Sai ta buɗe fayil a NMC, hukumar jinya ta Ingila, su nemi tabbaci daga majalisar jinya ta Najeriya. A Fabrairun 2024 majalisar ta fito da ƙa'idar sai mutum ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tabbatar da shi, aka yi ta ce-ce-ku-ce, amma mai shekara 4 wannan bai shafe ta ba. Ta dai tabbata lasisinta na gida bai ƙare ba. Sai jarrabawar kwamfuta, wadda ake yi a nan gida. Daga nan neman aiki. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a je ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu, saboda haka asibitocin gwamnatin Ingila ba sa zuwa ɗauka ta hannun dillalai, amma nas na da damar nema da kanta a shafin asibiti. In sun ɗauke ta su ba ta takardar ɗaukar nauyi, CoS. Ba sayar da ita ake yi ba, doka ta hana mai aiki ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Duk wanda ya ce a kawo miliyoyi, a guje shi. Gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar ƙaura ta duniya, ake yi, akwai a Abuja, takardar wata 6 take yi.

Bizar ma'aikatan lafiya ta fi sauran sauƙi: ba a biyan harajin lafiya, wanda sauran masu biza ke biyan fam 1,035 duk shekara kan kowane babba. In asibitin bai tsaya musu ba, sai su nuna fam 1,270 nata, 285 na miji, 315 na ɗan fari, 200 na mai bi masa, kuɗin su kwana 28 a asusu.

Ranar da ta sauka ba cikakkiyar nas ba ce. Da albashin mataimakiya za ta fara har ta ci OSCE, jarrabawar aiki a aikace mai tasha 10, kuɗinta kusan fam 800. Ana son ta fara zaunawa cikin mako 12, kuma wata 8 ne iyakar lokacin da aka ba ta ta samu lambar rajista. Ba rashin iya aiki ke kayar da namu ba. Nas ɗin da ta saba da ɗaki mai gado 30 ita kaɗai hannunta ya faɗa, amma a OSCE sai ta furta duk abin da take yi, ta nemi izinin majinyaci kafin ta taɓa shi, ta duba sunansa a abin hannu, ta tambayi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ta rubuta komai a kan lokaci. Tsallake ɗaya daga ciki na iya kayar da tashar.

Kafin ta sa hannu ta karanta sashen biyan diyya a kwantiragi. Asibitoci da yawa kan biya jirgi, biza da jarrabawa, su rubuta cewa in ta bar su kafin shekara 2 ko 3 za ta mayar. Na ƙwarai adadin yana raguwa da lokaci. Wasu gidajen kula da tsofaffi masu zaman kansu kuwa sukan rubuta adadin da zai hana mutum motsi. Wannan da ƙa'idar kwana 60 su ne igiyar. In aiki ya ƙare ko aka ƙwace lasisin ɗaukar nauyi na mai aikin, ana rage bizar zuwa kwana 60, ta samu wani mai ɗaukar nauyi ko su tattara gaba ɗaya har yara. Abin da ke sa ma'aikaciya ta haɗiye wulaƙanci kenan, a jibga mata aikin dare ta yi shiru, a tsallake ta wajen ƙarin girma ta yi shiru. Ta shiga ƙungiyar ma'aikata tun watan farko, RCN ko UNISON, don ba sa tsaya wa mutum a kan matsalar da ta riga shigarsa. Kuma kada wani ya rarrashe ta ta shiga a matsayin mai kula da tsofaffi wai ya fi sauri: tun Maris 2024 an hana masu wannan biza kawo iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje.

Abin da zai ba ki mamaki, ƙanin naki ya fi ta sakewa a kasuwar aiki. Mai bin biza yana iya aiki a ko'ina ba tare da mai ɗaukar nauyi ba, kuma a Ingila ba a buƙatar lasisi kafin a ɗauki mutum aikin injiniyan gine-gine. Katin shiga filin gini, CSCS, zai nema, daga baya ya bi matakan ƙungiyar injiniyoyi. Ta wannan fuska yana iya komawa sana'arsa da wuri fiye da a Kanada. Sai dai zamansa rataye yake da nata. In aure ya mutu, bizarsa ta mutu. Kuma wani ne zai riƙe yara. Nas na yin awa 12, dare da rana, ba kaka, ba ƙanwa, ba 'yar aiki. Bizarsu ta hana su tallafin gwamnati, makarantar yara kyauta ce amma renon ƙanana da tsada, ban da awa 15 a mako da ake ba 'yan shekara 3 da 4. Yawanci miji ke karɓar aikin da ya dace da jadawalin matar a shekarar farko. Namijin da ya saba shi ke ciyarwa, ya wayi gari shi ke kai yara makaranta yana jiran albashin matarsa, in ba a zauna an yi maganar nan tun a gida ba, can za ta fashe. A faɗa musu kuma barin yara ƙanana su kaɗai ko dukansu na iya jawo jami'an kula da yara, a Sikotlan da Wales ma doka ta haramta dukan gaba ɗaya.

Zaman dindindin a ƙa'idar da aka sani bayan shekara 5 ne, kuɗinsa ya haura fam 3,000 kan kowane kai, kuma kada a wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12. A Mayun 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da shi shekara 10, don haka su karanta ƙa'idar da ke aiki ranar da za su nema. Raunin hanyar kenan: ana iya sauya doka kana tsakiyar tafiya.

Yayar Gida, Unguwar Rogo, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malam, lissafin nan zan kai masa ya gani da idonsa. Saura maganar yaron da Inna. Mahaifiyar yaron tana raye, ta yi wani aure a Bauchi, mu dai aka bar wa shi tun yana shekara 4. Kuma auren nasu a masallaci aka ɗaura, takardar da liman ya bayar ce kawai a hannunsu.

Baba Lauya, Tudun Wada, Jos

Hajiya, wannan ɓangaren ne ya fi taɓa gidajenmu, domin dokokin nan an rubuta su ne da iyali mai miji ɗaya, mata ɗaya da 'ya'yan cikinsu. Namu iyalin ya fi haka faɗi, kuma abin da ya yi saura a bakin ƙofa ake barinsa.

Riƙo ba ya cikin abin da suka sani. A wurinsu yaro ko naka ne na jini, ko kotu ta mayar da shi naka ta yanke alaƙarsa ta shari'a da iyayensa. Takardar riƙo daga kotun shari'a ko wasiƙar mai unguwa ba ta wadatar ba. Kanada na da ƙofar ɗauko ɗan ɗan'uwa maraya da bai kai 18 ba, amma sai uwa da uba duk sun rasu, ke kuma kin ce uwar na raye, to wannan ta rufe. Ingila ta sa takunkumi na musamman kan ɗauko yaran da aka mayar 'ya'ya daga Najeriya tun 2021. Bin hanyar kotun iyali da ma'aikatar mata ta jiha abu ne mai tsawo, yana buƙatar yardar uwar, kuma akwai hukuncin addini kan jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, sai a tambayi malamai. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne a je a yi wa yaron takardar haihuwa da sunan ƙaninki. Suna neman gwajin jini in sun yi shakka, kuma ranar da ta tashi ba yaron kaɗai za a hana ba, duk gidan ne, har wanda ya riga ya samu takardar zama ana iya ƙwacewa. Gara a tsara wanda zai riƙe shi a nan, da kuɗin makarantarsa a rubuce, a kuma zaunar da shi a yi masa bayani. Yaro mai shekara 11 da ya rasa uba, ya ga ƙannensa sun hau jirgi an bar shi, ba ƙaramin abu ba ne a zuciyarsa.

Akasin haka ma kuskure ne. Duk ɗan da mutum ya haifa, ko na wata matar ne, ko ba za a tafi da shi ba, a rubuta shi a fom ɗin Kanada a yi masa gwajin lafiya. Asalin ƙa'idarsu ita ce wanda ba ka bayyana ba ba za ka ɗauko shi daga baya ba. Iyakar shekarun ɗa a Kanada ƙasa da 22 ne in bai yi aure ba, a Ingila ƙasa da 18.

Aure kuma. Tun Yunin 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya duk suna wurin da jikinsu ba. Ki duba yadda muke yi: waliyyi da wakili a masallaci, amarya na cikin gida, wani lokaci angon ma yana wani gari. Ga waɗanda suka daɗe tare har da 'ya'ya, da sauƙi, don dokarsu na karɓar waɗanda suka zauna tare wata 12 a jere a matsayin ma'aurata, sai a kawo hujjar zaman tare. A faɗi yadda aka ɗaura, kada a ƙirƙiri labari. Wanda abin ke kamawa shi ne saurayin da ya tafi, aka ɗaura masa aure yana can, ya zo ɗauko amarya. Ingila kuwa tana karɓar irin wannan aure muddin ya halatta a ƙasar da aka ɗaura. Masu ba da shawarar a je rajista a sake ɗaurawa su riƙa faɗin sauran zancen: auren rajista na mace ɗaya ne a dokar Najeriya, wanda ya yi shi ya ƙara aure ya saɓa doka. Ƙasashen biyu dai mace ɗaya suke ba biza, a Kanada ta farko ce, kuma ƙarin aure laifi ne a dokarsu.

Inna ba za ta bi su a tafiyar farko ba ta kowace hanya. A Ingila bizar ɗauko iyaye sai mai zaman dindindin, kuma sai an nuna tsohuwar na buƙatar kulawar da ba a samu ko ba a iya biya a Najeriya, abin da da wuya a tabbatar ga mai 'ya'ya a gida. Ziyara ce kawai, wata 6. Kanada ta fi sassauci: mai zaman dindindin na iya nema mata biza ta musamman da za ta zauna har shekara 5 a shiga ɗaya, da inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000 da shaidar samun kuɗi. Sai dai a tambayi Inna kanta. Tsohuwar da ta saba da maƙwabta, biki da suna, a kulle ta a bene wata 5 na sanyi, ba kowace ke jurewa ba. In ta zauna, ke ce za ki ɗauka, Hajiya, to a yi maganar kuɗin magani da na cefane yanzu, a gaban kowa.

Alhaji Na Mararaba

Ni ina ganin an yi saurin wuce maganar kawu. Saudiyya ba ta yi wa kowa alkawarin zama ɗan ƙasa ba, shi ya sa lissafinta ya fi fitowa fili: kwantiragi ne, a tara a dawo. Nas za ta bi tantancewar takardu ta kamfanin DataFlow, ta ci jarrabawar Prometric, hukumar ƙwararrun lafiya ta ba ta matsayi. Injiniya sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyinsu, suna neman ƙwarewar shekara 5, shi kuwa yana da 10. Ba harajin albashi, sau da yawa da gida da tikitin hutu, kuma in an gama akwai kuɗin sallama: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata a kan abin da ya biyo baya. Jirgi awa kaɗan ne zuwa Kano ko Abuja, in Inna ta kwanta ciwo gobe mutum na gabanta.

Aibinta kuma a bayyane yake. Iƙama na hannun kafili. Gyaran da aka yi a Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara 1 da fita ƙasar ba sai da sa hannun kafili ba, amma ranar da kwantiragi ya ƙare zama ya ƙare, ko shekara 20 aka yi. Wanda ya shiga a matsayin iyali galibi ba ya aiki da wannan iƙamar, sai ya samu nasa kafilin, saboda haka kowanensu ya nemi aikinsa daban, kuma a yi ƙoƙari ya zama gari ɗaya. Ma'aikacin kamfani yana biyan riyal 400 duk wata kan kowane mutum da ya kawo, ga kuɗin makarantar yara. Shi ya sa da yawa ke barin iyali a gida. Ga mai shekara 37 akwai wani abu: duk shekarar da ya yi a can maki 5 ne ke zubewa a lissafin Kanada, bayan 40 kuma 10. In niyyar ita ce a tara kuɗin ajiya a wuce, da sunan matar za a shiga, kuma kada a wuce shekara 2 ko 3.

Malam Mai Lissafi, Garki, Abuja

Alhaji ya yi gaskiya kan shekaru, kuma haka yake ga mai cewa bari ya fara Ingila ya ƙarasa Kanada. Aikin Ingila a lissafin Kanada ƙwarewar waje ce kamar ta Jos, makinta ya tsaya a shekara 3, matar ta riga ta cika shi. Abin da zai ƙaru shi ne kuɗi da sauƙin lasisi.

Hajiya, ki ja kunnensu kan jarrabawar Turanci kafin su biya. IELTS iri biyu ce. NMC na karatu take karɓa ko OET, Express Entry kuwa na gama-gari kawai, ba ya karɓar na karatu kuma ba ya karɓar OET. In matar na son riƙe ƙofofin biyu, jarrabawa biyu za ta zauna. Sakamakon shekara 2 yake yi, tantance digiri shekara 5, gwajin lafiyar Kanada wata 12, takardar 'yan sanda kuma kada ta wuce wata 6 ranar miƙawa. Don haka a fara da neman sakamakon jami'a da sabunta fasfo na kowa har yara, sai Turanci, a bar takardar 'yan sanda da gwajin tarin fuka sai gayyata ko CoS ta shigo hannu. Matar za ta cika 30 nan ba da jimawa ba, ranar kuma maki 5 zai tafi, to ta buɗe fayil ɗinta da zarar sakamakon Turanci da na WES sun fito.